Sabbin emoji a tsohuwar waya: yadda laburaren EmojiCompat yake aiki da abin da ya bar wa mai haɗa manhaja

Akwai wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu, wani lokaci fanko, wani lokaci da gicciye a cikinsa, wanda duk mai riƙe da wayar Android da ta kwana biyu ya saba gani a tsakiyar saƙo, daidai wurin da mai aikowa ya sa wata alama. Alamar tafukan hannu biyu a buɗe, 🤲, wadda ake yawan rufe saƙon ta'aziyya ko na barka da ita, ta shiga ƙa'idar Unicode, wadda take ba kowane harafi da alama lambarsa a kwamfuta, a shekarar 2017, kuma Android 8.0 ne ya fara zuwa da hotonta, saboda haka wayar da ta tsaya a Android 7 ba ta san ta ba, sai ta ajiye akwati a gurbinta. Saƙon ya iso cikakke, babu abin da ya zube a hanya, wayar ce kawai ba ta da hoton da za ta ɗora a kan lambar da aka aiko mata. Wannan giɓi shi ne laburaren emoji, wato shiryayyen tarin umarnin kwamfuta da ake jonawa da manhaja, yake cikewa a cikinta, kuma yana cike shi yadda ya kamata. Sai dai masu haɗa manhaja da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun jona laburaren to magana ta ƙare, alhali zanen alamar kaɗai ya ɗauke musu. Ƙirga ta, da yanka rubutun da take ciki, da ajiye ta, da aika ta, duk suna nan a wuyansu.

Tushen fahimtar lamarin shi ne a yarda cewa emoji rubutu ne, duk da kamannin hoto da yake da shi. Kamfanonin sadarwa na Japan ne suka fara amfani da su a ƙarshen shekarun 1990, kuma jerin da ya fi yin suna shi ne guda 176 da Shigetaka Kurita ya tsara wa kamfanin NTT DoCoMo a 1999, kowanne a cikin ɗigo 12 a tsaye da 12 a kwance. A wancan zamani kowane kamfani da irin lambobinsa, har sai da aka shigar da ɗaruruwan alamomin cikin Unicode 6.0 a watan Oktoban 2010, suka samu lambobi na dindindin a jeri ɗaya da haruffan boko da na Larabci da na Sinanci. Fuskar nan mai dariya, 😀, lambarta U+1F600 ce a ko'ina a duniya, kamar yadda harafin ƙ yake da U+0199. Ƙungiyar Unicode lamba da suna take bayarwa, amma siffar da ido zai gani aikin kundin haruffa ne, wato fayil ɗin da masu sana'ar suke kira font, kuma idan kundin da ke cikin waya ba shi da siffar wata lamba sai ya fito da akwatin. Masu karanta Hausa sun san wannan akwati tun kafin zuwan emoji, domin shi ne yake cinye ɓ da ɗ da ƙ a tsofaffin wayoyi da kwamfutoci, kuma dalilin ɗaya ne.

Abin da ya sa matsalar ta fi yi wa Android katutu shi ne wurin da kundin yake zaune. Tun daga Android 4.4 na shekarar 2013, wanda ya kawo emoji masu launi, har zuwa Android 11, kundin emoji na Google mai suna Noto Color Emoji yana cikin sashen babbar manhajar waya ne, sashen da ba a taɓa shi sai in an sabunta babbar manhajar gaba ɗaya, ita kuwa sabuntawar sai ta bi ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar, wani lokaci har da kamfanin sadarwa. Wayoyi masu sauƙin kuɗi sukan samu irin wannan sabuntawa sau ɗaya, wasu ma ko sau ɗayan ba sa samu, ga shi kuma Unicode tana fitar da sabbin alamomi kusan kowace shekara, har jimillarsu ta kai 3,790 a jerin Emoji 16.0 na watan Satumban 2024. A ɓangaren Apple kuwa kamfani ɗaya ne yake ƙera wayar yake kuma tura sabuntawa, shi ya sa iOS 15.4 na watan Maris 2022 ya kai alamomin Emoji 14.0 har ga iPhone 6s da aka fitar tun 2015. Saboda haka batun laburaren emoji, a mafi yawan lokuta, batun Android ne, kuma ya fi shafar wanda yake yin manhaja don wuraren da waya take shekaru tana sauya hannu, daga kasuwa irin Farm Centre ta Kano zuwa ga wa, daga wa zuwa ga ƙane.

Mai haɗa manhajar hira, ko ta ciniki da ke karɓar sharhin masu saye, hanyoyi uku ne a gabansa. Zai iya sakar wa wayar ragama ta zana abin da ta sani ta bar sauran a akwati. Zai iya zuwa da hotunansa na kansa ya riƙa maye gurbin kowane emoji da su, kamar yadda WhatsApp take yi, wadda ta fito da nata zanen a 2017. Ko kuma ya ɗauki laburare, wato tarin umarnin kwamfuta da wasu suka riga suka rubuta suka gwada, wanda ake jonawa da manhaja don kada kowa ya soma daga tushe. Wanda ya fi yaɗuwa a wannan fanni shi ne EmojiCompat, da Google ta fitar a 2017 a cikin Support Library 26, tarin laburarenta na masu haɗa manhajar Android, kuma ya fito yana aiki daga Android 4.4 zuwa sama.

Dabarar da ke cikinsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin wanda ya gane ta zai iya hango inda laburaren zai gaza tun kafin ya gaza. Yana aiki ne da wani kundin haruffa na musamman da aka gina a kan Noto Color Emoji, wanda baya ga hotunan yake ɗauke da wani jadawali a cikinsa: ga jerin lambobin da suke haɗuwa su ba da kowane emoji, ga faɗinsa da tsayinsa, ga kuma sigar Android da ta fara saninsa. Idan manhaja ta tashi, laburaren yakan karanta wannan jadawali ya tsara shi a ƙwaƙwalwar waya reshe-reshe, ta yadda kowace lamba take kai wa ga lambobin da za su iya biyo ta. Duk rubutun da za a nuna sai ya bi ta wani aiki mai suna process, wanda yake tafiya lamba bayan lamba yana bin rassan, kuma ba ya tsayawa a dacewar farko da ya samu, yana ci gaba har ya kai jeri mafi tsawo da jadawalin ya sani. Wannan naci yana da dalili. Lambar mace ita kaɗai emoji ce mai zaman kanta, amma idan lambar launin fata ta biyo ta, sannan wata lambar haɗi marar siffa, U+200D, sannan alamar likitanci, to ma'aikaciyar lafiya guda ɗaya ake nufi, kuma wanda ya tsaya a lambar farko zai zana abubuwa uku a inda ake son ɗaya.

Da ya gano emoji, sai laburaren ya tambayi wayar ko tana da siffarsa. In tana da ita, ya bar mata aikinta. In babu, sai ya shimfiɗa wani abu da ake kira EmojiSpan a kan wannan ɗan yanki na rubutun, wanda ke sanar da akwatin nuna rubutu cewa kada ya zana waɗannan lambobi, akwai mai zana su. Kowane hoto a cikin kundin na musamman an ba shi wata lamba ta cikin gida daga yankin da Unicode ta ware don amfanin kai, kuma da ita ake kiran hoton a zana shi daidai da girman sauran haruffan layin. Rubutun asali kuwa ba a taɓa shi ba, yana nan a ƙarƙashi kamar abin da ke cikin ƙwaryar da aka rufe da faifai, shi ya sa wanda ya kwafi saƙon ya liƙa a wata manhaja zai tafi da lambobin Unicode na gaskiya. A ganina wannan shi ne mafi kyawun shawarar da masu tsara laburaren suka yanke, domin duk tsarin da yake sauya rubutun kansa, ya mai da emoji wata gajeriyar kalma tsakanin ɗigo biyu ko adireshin hoto, ya ɗaura wa kansa nauyin fassara a duk ƙofar da rubutun zai shiga ko ya fita.

Akwai wani zaɓi mai suna setReplaceAll wanda yake umartar laburaren ya zana kowane emoji da kansa, har da waɗanda wayar ta sani. Amfaninsa yana bayyana ne a wayar da kamfaninta yake da nasa zanen, kamar Samsung, ko tsohuwar Android da ta tsaya kafin 2017, lokacin da fuskokin Google suke da siffar dunƙule mai lanƙwasa maimakon da'ira. Idan ba a kunna shi ba, saƙo guda zai fito da tsohon zane da sabo a layi ɗaya. Illarsa kuma ita ce ƙarin aiki ga wayar a kowane layi, da kuma raba mai waya da zanen da ya saba gani a sauran manhajojinsa. Manhajar hira tana da hujjar kunna shi, amma manhajar banki da emoji ba ya fitowa a cikinta sai a ɗan bayanin tura kuɗi ba ta da ita.

Shawara mafi nauyi ita ce inda kundin haruffan zai fito. A hanya ta farko manhajar ba ta ɗauke da kundin, tana roƙon sa ne daga Google Play services, wanda yake saukar da shi sau ɗaya ya raba wa duk manhajojin da suka nema. Girman manhajar kusan ba ya ƙaruwa, kuma idan sabbin emoji suka fito za su iso ba tare da mai manhajar ya fitar da sabuwar siga ba. Amma wannan hanya ta jingina ne a kan abin da ba kowace waya ke da shi ba: wayoyin Huawei da aka fitar bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin a 2019 ba su zuwa da ayyukan Google, haka ma wayoyin da aka yi don kasuwar cikin gida ta Sin. A irin waɗannan wayoyi, ko a wayar da ba ta samu intanet ta saukar da kundin ba tukuna, laburaren zai ba da rahoton cewa bai iya lodawa ba, manhajar ta ci gaba da aiki, akwatunan kuma su ci gaba da fitowa ba tare da wani gargaɗi ga mai waya ba.

A hanya ta biyu ana cusa kundin a cikin manhajar ne, ta hanyar ƙunshin emoji2-bundled, sai ya yi aiki a kowace waya, da intanet ko babu. Kuɗin wannan kwanciyar hankali shi ne wajen megabait 10 da zai hau kan girman manhajar, tun da kundin hotuna ne dubbai aka tara a fayil guda, kuma yana tsayawa ne a sigar da aka cusa, ta yadda manhajar da aka yi shekara biyu ba a sabunta ba za ta koma fitar da akwati kamar wayar da take ciki. Ga wanda yake zaune a inda intanet ba ta yankewa megabait 10 ba komai ba ne, amma ga mai sayen data ta kwana ɗaya, wanda wayarsa ta Android Go, sigar da aka yi don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi, take yawan kukan cikar ma'ajiya, yana iya zama dalilin fasa saukar da manhajar. Abin da nake gani shi ne a ɗauki hanyar farko a matsayin ta asali, a ajiye ta biyu ga manhajar da ake rarrabawa a wajen shagon Google Play, ko wadda emoji yake cikin ainihin aikinta. Wanda ya san cewa mutane za su riƙa tura wa juna manhajarsa ta Xender ba tare da sun taɓa intanet ba, shi ma yana da dalilin sake auna lamarin.

A shekarar 2021 aka sake gina laburaren da sunan emoji2, aka kuma haɗa shi da AppCompat 1.4, wani laburare da yawancin manhajojin Android suke amfani da shi dama. Tun daga nan ba sai mai manhaja ya bi shafukansa yana sauya kowane TextView, wato akwatin nuna rubutu, zuwa EmojiTextView ba, kamar yadda ake yi a da; sabunta AppCompat kaɗai ya isa, laburaren zai tashi da kansa jim kaɗan bayan shafin farko ya buɗe, don kada ya jinkirta buɗewar manhajar. Jetpack Compose, sabon tsarin gina shafukan manhajar Android, shi ma ya samu wannan a sigarsa ta 1.4 a 2023. Sauƙin ya yi yawa har wasu ba su san laburaren yana cikin manhajarsu ba, kuma rashin sanin ne yake sa su ruɗe idan akwatin ya ɓullo a wani lungu. Lungunan kuwa sanannu ne. Sanarwar da ke saukowa daga saman waya da ƙananan allunan da ake ɗorawa a babban shafin waya, babbar manhajar waya ce take zana su da nata kundin, hannun laburaren ba ya kai can. Shafin intanet da aka buɗe a cikin WebView, wato tagar intanet da ke cikin manhaja, shi ma yana da nasa tsarin zane. Haka kuma duk wanda ya ƙera nasa akwatin rubutu yana zana haruffa kai tsaye a kan Canvas, wato filin zane na manhaja, dole ya miƙa rubutun ga process da kansa, ya kuma kiyaye kada ya mai da sakamakon zallar String, wato tsurar rubutu, a hanya, domin yin haka yana zubar da duk shimfiɗar da aka yi.

Daga nan ne ake shiga yankin da laburaren zane ba ya da ta cewa. Java da Kotlin, yarukan da ake rubuta manhajar Android da su, suna ajiye rubutu ne a tsarin UTF-16, inda kowane gurbi yake ɗaukar lamba ɗaya daga cikin 65,536 na farko. Haruffan boko, har da masu lanƙwasa na Hausa, da haruffan ajami duk suna cikin wannan rukuni, amma yawancin emoji suna can sama da shi, don haka kowanne gurbi biyu yake ci. Idan aka tambayi tsawon 😀 za a samu 2. Alamar iyali mai miji da mata da 'ya da ɗa kuwa mutum huɗu ne da lambar haɗi uku a tsakaninsu, wato lambobi 7, gurbi 11 a UTF-16, bait 25 a UTF-8, tsarin da aka fi aika rubutu da shi a intanet, alhali ido abu ɗaya yake gani. Manhajar da ta ce suna kada ya wuce haruffa 20, ta kuma ƙirga da gurbi, za ta hana mutum abin da yake ganin bai kai rabin iyaka ba. Twitter ma sai a 2018 ta daidaita wannan, ta mai da kowane emoji haruffa biyu komai tsawon jerinsa.

Yanka ya fi ƙirga haɗari. Manhajoji suna yawan gutsure farkon saƙo su nuna a jerin hirarraki, kuma idan wuƙar ta faɗa tsakanin gurbi biyun emoji guda, abin da ya rage rabin lamba ne marar ma'ana, wanda zai fito a matsayin alamar tambaya, wani lokaci ma uwar garke, wato babbar kwamfutar da manhajar take tura wa bayanai, ta ƙi karɓar saƙon gaba ɗaya saboda ba ya juyuwa zuwa UTF-8. Tutoci sun fi nuna abin a fili. Babu wata lamba guda ta tutar Nijeriya; haruffa biyu ne na musamman, N da G, bisa gajerun sunayen ƙasashe na ISO 3166, waɗanda kundin yake haɗawa ya zana kore da fari da kore, ta Nijar kuwa N da E. Idan mutum ya jera tutocin biyu, abin da ke ƙasa shi ne N, G, N, E, kuma in wani yanka ya ɗauke harafin farko kaɗai, sai G da N su haɗu su ba da tutar Gini, E ya rage shi kaɗai a gefe. Maganin shi ne a ƙirga a kuma yanka bisa abin da mai karatu yake ɗauka harafi guda, kamar yadda ƙa'idar Unicode ta UAX #29 ta fayyace. A Android akwai BreakIterator na ICU, laburaren sarrafa rubutun Unicode, tun daga sigar 7.0, a JavaScript akwai Intl.Segmenter, a Flutter akwai ƙunshin characters, yaren Swift kuwa haka yake ƙirgawa tun asali, shi ya sa alamar iyalin take ba da 1 a can. Wannan gyara yana amfanar rubutun Hausa na ƙamus da na nazari ma, inda r̃ take lambobi biyu ne da ba a son a raba su.

Wani tarko kuma shi ne ƙoƙarin gane emoji da tsarin bincike da mutum ya rubuta da hannunsa, yana jera iyakokin lambobi da ya kwafo daga wani wuri. Irin wannan jeri yana tsufa a duk lokacin da Unicode ta fitar da sabbin alamomi. Ko amfani da sifar Emoji ta Unicode kanta yana buƙatar lura, domin alƙaluma 0 zuwa 9 da alamomin # da * duk suna ɗauke da wannan sifa, tun da su ne tushen alamomin madannai, kuma mai tace rubutu da ita ba tare da ya sani ba zai share lambar wayar da abokin ciniki ya rubuta. Sannan akwai lambar U+FE0F, marar siffa, wadda take cewa a zana alama da launi: zuciyar U+2764 da ita da kuma ba ita rubutu biyu ne mabambanta a wurin kwamfuta, kuma manhajar da take ƙirga martanin da aka yi wa saƙo za ta raba zuciya ɗaya gida biyu in ba ta daidaita su kafin ajiya ba.

Rumbun bayanai shi ne wurin da aka fi yin asara ta gaske, domin abin da ya lalace a can ba ya dawowa. A MySQL, wata sananniyar manhajar rumbun bayanai, tsarin haruffan da aka daɗe ana kira utf8 bait uku kawai yake ɗauka a kowane harafi, wanda ya ishi ƙ da ɗ masu bait biyu da haruffan Larabci, amma bai ishi emoji mai bait huɗu ba. Sakamakon shi ne ko dai rumbun ya ƙi karɓar saƙon, ko kuma, a tsofaffin saituna, ya karɓa ya datse duk abin da ya biyo bayan emojin ba tare da ya ce uffan ba. Tsarin utf8mb4 da ya warware wannan yana nan tun sigar 5.5.3 ta 2010, amma sai a MySQL 8.0 ya zama na asali, kuma sauya teburi kaɗai bai isa ba sai an sauya saitin igiyar da ke haɗa uwar garke da rumbun. Ko bayan haka akwai sauran rina a kaba, domin ƙa'idar jeri ta utf8mb4_general_ci tana ɗaukar duk waɗannan alamomi masu bait huɗu a matsayin abu guda wajen kwatantawa, ta yadda neman wata alama zai kawo saƙonnin da ke ɗauke da wata daban.

Manhajar da take tura saƙon tes ma tana da nata lissafin. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160 a tsarin GSM, amma emoji ɗaya tak yana tilasta saƙon gaba ɗaya ya koma tsarin da ke ɗaukar 70, kuma idan ya wuce haka sai a raba shi gunduwa-gunduwa masu 67 kowace. Sanarwa mai haruffa 150 da take tafiya a kuɗin saƙo ɗaya za ta koma kuɗin uku saboda fuska guda da aka ƙara a ƙarshe. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ma haka suke jawowa, tun da babu su a jerin GSM.

Batun allon zaɓen emoji ya fi sauƙi. Yawanci allon madannai na waya ya wadatar, kuma EmojiCompat yana sanar da allon madannan sigar emojin da manhajar take iya zanawa, don ya nuna wa mai rubutu sabbin alamomi ko da wayar kanta ba ta san su ba. Wanda yake buƙatar allo a cikin manhajar, misali don martani ga saƙo, akwai emoji2-emojipicker da aka fitar a 2023, mai rukunoni da jerin waɗanda aka yi amfani da su kwanan nan da zaɓin launukan fata biyar da Unicode 8.0 ta kawo a 2015. Sunayen alamomin da kalmomin neman su kuwa suna cikin taskar CLDR ta Unicode a harsuna da dama, kuma da irin waɗannan sunaye ne TalkBack yake karanta wa makafi abin da aka aiko musu.

Wannan magana ta makafi tana daga cikin abubuwan da mai niyyar zuwa da hotunansa na kansa ya kamata ya auna, domin hoton da ba a raɗa masa suna ba shiru ne a kunnen mai sauraro. Sai kuma haƙƙin mallaka: zanen Apple mallakar Apple ne, ba a ɗauke shi a sa a manhajar Android, alhali kundin Noto yana ƙarƙashin lasisin SIL na buɗaɗɗun haruffa, Twemoji da Twitter ta saki a 2014 yana ƙarƙashin CC BY 4.0 da ke neman a ambaci mai shi, OpenMoji kuma CC BY-SA 4.0. Abin da wannan hanya take saya wa mai ita shi ne tabbacin cewa mai aikowa da mai karɓa abu ɗaya suke gani, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa daga 2016, lokacin da Apple ta mai da alamar bindiga ta wasan ruwa, zuwa 2018 da sauran kamfanoni suka bi sahu, lamba ɗaya tana fitowa abin wasa a wata waya, makami a wata.

Android 12 na shekarar 2021 ya fara toshe ɓarakar daga tushe, inda ya ba da damar sabunta kundin emoji na waya ta hanyar Google Play ba tare da jiran kamfanin da ya ƙera ta ba, Android 13 kuma ya koma tsarin COLRv1 da ke zana alamomin da layuka maimakon tarin hotuna, abin da ya rage girman kundin sosai. A 2022 Google Play ta fara aiki da ƙa'idar da ta wajabta wa manhajojin da suke zana emoji da kansu su iya nuna sabon jerin Unicode a Android 12 zuwa sama cikin wata huɗu da fitowarsa. Wayoyin da ke ƙasa da Android 12 kuwa laburaren ne babban madogararsu, kuma a kansu ne ya kamata a yi gwaji, domin a sabuwar waya komai zai fito daidai ko laburaren yana aiki ko ba ya yi. Unicode tana wallafa fayil mai suna emoji-test.txt tare da kowace siga, ɗauke da kowane jeri da matsayinsa, wanda za a iya tura shi ta cikin manhajar daga akwatin rubutu zuwa rumbun bayanai ya dawo, a kwatanta bait da bait. EmojiCompat kansa yana da saitin setEmojiSpanIndicatorEnabled, wanda yake shafa launi a bayan duk alamar da shi ya zana, ta yadda mai gwaji zai bambance aikin laburaren da na wayar a shafi ɗaya.